Cibiyar Ɗan Akol

Cibiyar ta faɗi ne da hantsi, lokacin da Papan take yi wa jaririn wanka a bakin bukka. Ta tsince ta a cikin zani, 'yar mitsitsiya, baƙa, ta bushe ta lanƙwashe kamar busasshen barkono. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu. Tun da ƙuruciyarta take karɓar haihuwa a Tlatelolko, cibiyoyin da suka bi ta hannunta ko ita ba ta san iyakarsu ba, amma ba ta taɓa riƙe wata ta rasa inda za ta kai ta ba sai yau.

Al'adar dai ba ta da wani ruɗani. Idan mace ce, ungozoma ta tona gindin murhu ta binne, domin yarinya ta zauna gida, hankalinta ya tsaya wajen wuta da dutsen niƙa. Idan namiji ne, a ɗaure cibiyar da 'yar garkuwa da 'yan kibau na wasa, a damƙa wa mayaƙi, shi kuma ya tona rami a fagen fama ya binne. Da haka yaro yake sanin hanyarsa. In ya girma ƙafarsa ta ja shi can, in kuma ya faɗi a can ya tafi gidan Rana, ya shiga cikin mazajen da suke raka ta daga fitowa har ta kai tsaka. To wannan namiji ne, ɗan Akol, Akol kuwa shi ne ɗan Papan na ƙarshe da ya rage mata kafin shi ma ya tafi. Mayaƙa babu. Yaƙin ma babu, Kastilawa, baƙin da suka ƙetaro teku, sun cinye shi tun daminar da ta wuce, suka haɗa da birnin gaba ɗaya.

Tun daga lokacin suke raɓe a Iztakalko, ita da surukarta Mosel, a wata bukkar kara a bayan lambun wani mai noman kabewa da ya ji tausayinsu. Murhunsu ma duwatsu biyu ne da curin laka a madadin na uku. Kullum kasko a karkace yake, kullum wainar masara sai ta ƙone a gefe ɗaya, kullum kuma sai Papan ta yi mita kamar ranar ta fara gani.

"Inna, ta faɗi?" Mosel ta tambaya daga ciki.

"Ta faɗi."

"Ba ni in gani."

Papan ta shiga da yaron a kafaɗa, ta ajiye mata abin a hannu. Mosel ta zuba wa cibiyar ido. Yarinya ce marar yawan magana, yunwar kwanakin da aka kewaye birni ta bar mata kumatu a lotse, har yau ba su ciko ba.

"Inna, ki binne ta nan."

"Nan ina?"

"Nan, gindin murhu."

Papan ta dube ta sama da ƙasa. "Ke kin ji abin da bakinki ya faɗa kuwa? Namiji ne fa kika haifa. So kike ya tashi yana niƙa masara, yara suna bin sa da waƙa a hanya?"

"Ya niƙa mana. Mai niƙa masara ai da yamma yana gida."

"Haba, 'yar nan."

"Cibiyar ubansa ina aka kai ta?"

"Can iyakar Tlaskala. Kakan yaron nan da kansa ya kai, ya dawo da sara a kafaɗa yana dariya."

"To ai ta ja shi," in ji Mosel, muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Ta ja shi ta tafi da shi, ko takalminsa ba a kawo mini ba. Wannan kaɗai nake da shi, Inna. Ke ma shi kaɗai kike da shi."

"Shi ya sa. In ba a kai ta fage ba, ta ina zai gamu da ubansa? Akol yana can kullum safiya yana raka Rana. So kike ya yi ta waige-waige bai ga ɗansa ba?"

"Ni ba sauri nake su gamu ba."

Papan ta huce a kan curin lakar murhu, wai ya sake zaizayewa. Gaskiya maganar ta soke ta. Ba taurin zuciya ne da ita ba, duk da unguwa guda ta shaida tana da taurin kai. Agana ta ɗauke mata miji da 'ya'ya mata biyu a cikin wata guda, yaƙi ya ɗauke Akol, wuta ta ɗauke gida. Ranar da suka fito daga birni cikin laka har gwiwa, daga zanin jikinta sai abin da ta sani a ka, wato yadda ake yanke cibi da yadda ake binne shi. In ta saki wannan ma, ba ta san abin da zai rage a kira Papan ba. Ta karɓe cibiyar ta ƙulle a bakin zani.

Magana ba ta kwana a unguwar da bangonta kara ne. Kafin rana ta yi tsaka sai ga Kozau, ɗan mai lambu, ya zo yana taku ɗai-ɗai da wata tsohuwar hular Kastilawa da ta fi ƙarfin kansa. Saurayi ne mai kirki, sai dai tun da Kastilawa suka zuba masa ruwan addininsu a ka aka ce sunansa Diyego yake jin ya fi kabewa.

"Kaka, na ji kina neman mayaƙi. Kawo, mun kusa tashi. Yaƙi ne na gaske, har da bindiga."

"Da wa za ku yi?"

"Wasu ne can kudu, bayan duwatsu. An ce suna da zinariya."

"Me suka yi maka?"

Ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. "Ni ina na san su, Kaka? Kaya zan ɗauka. In abu ya rikice a ba ni baka."

"Wa zai ce ku tashi, wa zai ce ku tsaya?"

"Kastilawa mana."

Papan ta dafe ƙullin zaninta. Fage dai fage ne, za a zubar da jini, za a yi kururuwa. Amma cibiyar da aka binne a inda Bakastile yake ba da umarni, ai ƙafar mai ita bayan dokin Bakastile za ta bi har ya mutu, da kaya a ka. Ta hango ɗan Akol haka, ta ƙara matse ƙullin.

"Jeka, ɗan nan," ta ce. "Ka dawo wa uwarka lafiya. Ka kuma sa a rage maka hular nan."

Da la'asar Ozoma ya iso da kwalekwalensa. Ƙanin mijinta ne, a da mayaƙi ne da ake buga ganga in ya shigo unguwa, yanzu ido ɗaya gare shi da zanzana a fuska, yana jigilar kabewa da tumatir zuwa madafar Kastilawa. Ya same ta a bakin ruwa ta zuba tagumi.

"Matar yaya, wannan tagumin fa? Ko wani ya riga ni kai gaisuwa ne?"

"Rufe mini baki, mai ido ɗaya. Wa za ta aure ka, kai da kifi ma yake gudun fuskarka?"

"Gudun me? Kunya yake ji."

Ta kwance bakin zani ta nuna masa. Ya daina dariya. Ya kafa gorar tuƙi a laka, ya zauna a bakin jirgi.

"Kai kaɗai ka rage mana," ta ce. "Ka kai ta."

"Ni? Ni yanzu da kabewa nake yaƙi, ita ma takan yi galaba. Iyakar Tlaskala tafiya ce mai nisa, kuma mutanen can yanzu su ne 'yan gaban goshin Kastilawa. Su gan ni ina tona ƙasarsu, ai da ni za a cike ramin."

"Ashe tsoro kake ji."

"Sosai ma. Da ina da ido biyu ban ji ba, kin ga abin da ya jawo mini."

Ta yi tsaki ta fara ƙulle zani. Shi kuwa yana kallon ruwa, yana murza gemun da bai da shi. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki shirya da sassafe. Akwai fage kusa."

Ba ta tambaye shi ba, don ta ga ta gane. Babbar hanyar da ta ratsa tafki zuwa Tlakopan yake nufi, inda aka yi ta gwabzawa a kan gadoji. A ranta can ta daɗe da kwantar da Akol, a fili, ƙarƙashin sama, da fuka-fukan ado a kansa. Tun fitowarsu ba ta sake taka birnin ba, ta kuma yi rantsuwa ba za ta taka ba. Ta tashi ta yanko ciyawar bakin ruwa, ta zauna tana saƙa garkuwa mai faɗin tafin hannun yaro, ta fere 'yan tsinke ta yi kibau. Mosel tana ciki tana jin komai.

Da gari ya waye Papan ta leƙa ta yi sallama. Mosel tana shayarwa, fuskarta a bango.

"Mun tafi."

"In kin tafi da ita, Inna, kin tafi da shi."

Papan ta gyara mayafi ta fita. Maganar ta biyo ta har cikin jirgi, ta zauna tare da ita tsakanin kabewa.

Tafkin yana nan yadda yake, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Agwagwa suna ta harkarsu, mata suna kwasar gishiri a gaɓa, manyan duwatsun nan biyu masu farin kai suna tsaye a gabas ko a jikinsu. Ozoma yana tuƙi yana ba ta labarin wani mai dafa abincin Kastilawa da ya ɗanɗana barkono ya nemi faɗawa rijiya. Ta san don ya ɗauke mata hankali yake yi, ta bar shi.

Kunnenta ne ya fara sanar da ita sun iso. A da tun daga nesa ake jin birnin, gangar haikali da ƙahon katantanwa da hayaniyar kasuwar Tlatelolko da ba ta mutuwa sai duhu. Yanzu sai ƙarar dutse a kan dutse, da wata doguwar waƙa ta masu jan kaya. Magudanan da take bi zuwa gidajen masu naƙuda an cike rabinsu da ɓaraguzai. Mutane jere-jere, igiya a goshi, suna jan duwatsun da kakanninsu suka sassaƙa zuwa inda baƙi suke son bango. Wasu dabbobi gajeru masu dogon hanci, da Ozoma ya ce aladu ake kiransu, suna tonon wani wuri da ta tabbata makarantar samari ce a da.

Suka zo daidai babbar hanya. Ozoma bai ko rage tuƙi ba.

"Ka wuce," ta ce.

"Ban wuce ba."

"Idon naka ɗayan ma ya tafi ne? Ga hanyar Tlakopan can."

"Na gan ta. Zauna daidai kar ki kifar mini da kabewa."

Sai da ya kai ƙarshen wani magudanin da ya rage da ruwa, sannan ya ɗaure jirgi. Ya ce mata Amashak ke nan. Ta ce ƙarya yake. A Amashak aka kawo ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, ta san kowane lungu da ƙafa ko da an rufe mata ido. Wannan kuwa fili ne fetal, babu bango ko ɗaya, babu bishiya, sai toka da farar ƙasa da ciyawa da ta fara tsirowa.

Ta hau tudu tana dogara gwiwa, sai ta gan su. Duk faɗin filin, nan da can, har iyakar ganinta, duwatsu ne uku-uku a zaune, baƙaƙe da hayaƙi, kowane uku suna fuskantar juna. An kwashe gidaje an bar murahu.

Wani dattijo cikin masu aikin ya ajiye kwandonsa ya gaishe ta. Daga harshensa mutumin Kolwakan ne.

"Sannu, uwa. Naki kike nema? Suna zuwa jefi-jefi, su zauna, su tafi."

"Me ya sa kuka bar su?"

Ya dube ta da mamaki. "Yo wa zai ɗaga murhun wata? Mun kwashe bango, mun kwashe azara, har dakalin ƙofa mun kwashe. Amma murhu? Sai dai wadda ta kafa shi." Ya nuna da haɓa wajen wani Bakastile mai jan gemu da yake tsaye a inuwar dokinsa da bulala. "Wancan kullum sai ya yi ihu ya nuna su, mu kuma mu yi ta gyaɗa kai, mu kwaso wani abin daban. Rannan haushi ya sa ya shuri ɗaya da ƙafa. Muna nan mun zuba ido ƙafar ta shanye."

"Ta shanye?"

"Tukuna dai. Amma na ga kamar ya fara ɗingishi."

Ozoma ya ce, "Takalminsa ne ya matse shi."

"Kai dai bari mu sa rai," in ji dattijon. Ya nuna wata igiya da aka ja a kan turaku ta ratsa filin. "In za ki yi wani abu ki yi yau, uwa. Nan duka bargar dawaki za a yi. Sun ce za su kawo mutanensu su kwashe duwatsun, tunda mu ba mu da kai."

Papan ta shiga tsakanin murahun tana ɗaga zani kar ya taɓa su. Da su ta gane unguwar. Ga na matar mai saƙar tabarma, manya-manya, don tukunyarta ta gidan yawa ce. Ga na tsohuwar nan mai rowa, a matse kamar hannunta. Daga nan sai ta karkata hagu, yadda ƙafarta ta saba, ta tsaya. Biyu baƙaƙe, ɗaya ja mai tsaga a ka. Jan daga murhun uwarta ta ɗauko shi ranar da aka kawo ta, ta goyo shi a baya kamar ɗa, dangin miji suna yi mata dariya.

Ta zauna a ƙasa. A ƙarƙashin wannan tokar cibiyoyin 'yan matanta biyu suke, ita ta binne su da hannunta don su zauna gida, suka kuwa zauna, agana ta zo har gida ta same su. Ta yi kuka, ba mai sauti ba, irin na tsofaffi da hawaye yake bin tamoji. Ozoma ya juya baya yana nazarin igiyar Kastilawa kamar shi aka ba kwangilar.

Da ta share fuska sai faɗa ya dawo mata. "Ka kawo ni in yi kuka ne? Fage na ce maka."

"Kina zaune a kansa."

Ta ɗago.

Ya tsuguna a gabanta, a hankali saboda gwiwa. "Kwanakin ƙarshe, bayan mun tura ku bakin ruwa ke da Mosel, ai babu sauran hanya, babu gada. Gida-gida aka koma. Kowa ya tsaya a unguwarsu. Mu muka riƙe lungun nan tun safe, da duwatsu da abin da ya samu. Da suka rushe gidan mai tabarma muka ja da baya muka shigo nan, ni da Akol. Ƙofa tana nan, ko? Ta nan mashin ya shigo." Ya ɗora hannu a ƙasa. "Nan ya faɗi. Kansa wajen jan dutsen nan."

"A babbar hanya ya faɗi."

"Ke kika ajiye shi can, matar yaya. Ba ki tambaye ni ba. Ni kuma bakina ya yi nauyi in ce wa uwa ɗanta ya mutu a madafa, wurin da ko yana yaro kike korar sa."

Haka ne kuwa. Sau nawa ta bi shi da muciya, tana ce masa namijin da ya taka dutsen murhu ƙafarsa za ta yi nauyi ranar yaƙi. Ta dubi wurin da Ozoma ya dafa. Ƙasa ce kawai, da 'yar ciyawa.

"Garkuwarsa fa?"

"Tana hannunsa."

"To Rana ta karɓe shi? Daga nan?" Kowace safiya in ta gaida Rana, ɗanta take gaisarwa cikin masu raka ta.

"Matar yaya, in Rana ba ta karɓi waɗanda suka faɗi a unguwar nan ba, to ita kaɗai take tafiya yanzu, ba mai raka ta."

Masu jan dutse suka wuce da waƙarsu, suka dawo. Sannan ta kwance bakin zani, ta fito da cibiyar a ɗaure da 'yar garkuwa da 'yan kibau, ta miƙa masa.

"Tona."

"Ni? A gindin murhu? Ina mayaƙi ina tonon toka? Wannan aikin ungozoma ne."

"Ina ungozoma ina tonon fagen fama? Kai ka ce fage ne."

"Ke kuma kika ce murhunki ne."

"Ozoma, rana tana yi."

Ya zaro wuƙar da yake yanka kabewa da ita ya tona, tsakanin duwatsun uku, yana gunaguni wai da yayansa yana da rai da ba a yi masa haka ba. Da ramin ya kai tsawon hannu ya ja da baya. Ita ta saka cibiyar. Akwai maganar da ake yi wa namiji, cewa gidan da aka haife shi masauki ne kawai, ainihin gidansa yana can inda ake fafatawa. Akwai wadda ake yi wa mace, cewa ta zauna daram kamar duwatsun nan. Papan ta faɗi kowace sau ba adadi, ko cikin barci za ta iya. Ta buɗe baki, duka biyun suka zo tare, babu wadda ta dace ita kaɗai.

Ta sunkuya kusa da ramin ta ce, "Ga ubanka nan, ga gwaggwanninka nan. Sai ku daidaita tsakaninku."

Ta mayar da ƙasa, shi ya daddanna da tafin hannu, ta barbaɗa toka a kai yadda ko alade ba zai gane ba. Sannan ta kama jan dutsen da hannu biyu ta girgiza shi. Ya yi gardama kaɗan, ya taso. Ta naɗe shi a mayafi ta goya a baya.

Masu aiki suka tsaya cak suna kallo. Bakastilen ma ya gani, fuskarsa ta washe, ga shi yau dai an sami mai hankali ta ɗaga dutsen nan. Ya nuna mata tarin duwatsun gini da bulala yana faɗin wani abu da ƙarfi. Papan ta bi ta gabansa a duƙe, ba ta ko kalli inda ya nuna ba, ta nufi bakin ruwa. Ya ƙara ɗaga murya. Ozoma ya rusuna masa har ƙasa, da ladabi, ya ce da harshensu na gida, wanda Bakastilen ba ya ji, "Ranka ya daɗe, a gaishe da ƙafa." Mutumin ya dubi tsohuwa, ya dubi dutse ɗaya tak, ya ga bai kai a bar inuwa ba, ya tofar da yawu ya koma jikin dokinsa.

Sai da suka biya ya sauke kabewarsa, saboda haka rana ta yi sanyi kafin su iso Iztakalko. Mosel tana zaune a bakin murhu da kwaɓin masara a gabanta, ba ta ko hura wuta ba. Yaron yana barci a cinyarta. Ba ta yi musu sannu da zuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Papan ta wuce ta nufi murhu. Ta durƙusa, ta ɗauke curin lakar nan ta ajiye gefe, ta kwance goyonta ta zaunar da jan dutsen a gurbinsa. Ta ɗora kasko. Ya zauna daidai. Ta taɓa shi ta wannan gefen, ta taɓa ta wancan, bai motsa ba.

Mosel ta san dutsen, ta yi girki a kansa tana amarya. Ta dubi surukarta.

"Ina kuka binne ta?"

"Gindin murhu. Nawa, na Amashak."

Mosel ta dafe ƙirji, numfashin da ta riƙe tun safe ya fita. "Inna..."

"Ni na tona ramin," in ji Ozoma daga bakin ƙofa, a hankali.

Hannun Mosel ya tsaya a inda yake. Ta san inda mayaƙi yake tona rami, kowace yarinya ta sani. Ta dubi Ozoma, ta dubi Papan.

"A nan Akol ya faɗi, 'yar nan," Papan ta ce. "A madafarmu, da garkuwarsa a hannu. Kansa yana jikin wannan."

Mosel ta miƙa hannu ta shafa jan dutsen, ta bi tsagar da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ta dai bar hannunta a kai har Ozoma ya gaji da tsayuwa ya koma wajen jirginsa. Papan ta jawo kara ta hura wuta, ta fara murza kwaɓin tsakanin tafukanta.

"To Inna," Mosel ta ce can, "zama zai yi ko tafiya?"

Papan ta shimfiɗa waina a kasko, ta gyara mata baki da yatsa. Mace ce da ba a taɓa yi mata tambaya a kan haihuwa ta rasa amsa ba, in ma ba ta sani ba takan ƙirƙiro.

"Ban sani ba," ta ce. "Ban taɓa binne irinta ba. Sai mu sa ido a kan ƙafarsa."

Yaron ya yi miƙa cikin barci, ƙafa ɗaya ta fito daga zani ta shuri iska. Mosel ta ɗauke hannu daga kan dutsen ta kama ƙafar. Ba ta matse ba, ta dai riƙe ta a tafin hannunta har wainar ta nuna.